Hoton jirgin ƙasa a garin da babu dogo

Shekarun baya, tun ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, an yi wata safiya a ƙarshen damina da warinta bai bar hancina ba har yau. Hayaƙin man gazuwal na manyan motoci ne ya haɗu da ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa kafin gari ya waye, ga kuma albasar da mahaifiyata ke soyawa a bakin tasha. Ko yanzu in babbar mota ta wuce ni bayan an ɗauke ruwa, sai in nemi wurin zama.

A Malbaza muke zaune a lokacin, ba nisa da luzin, inda ake yin siminti. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarama, da shinkafa da wake mahaifiyata ta raine ni. Tana da rumfa a inda motoci ke jiran lodi, da bencina biyu da manyan tukwane, kuma kusan duk masu cin abincinta direbobi ne. Ni kuwa ina karatu a Konni a gidan kawuna, ƙanenta, sai an yi hutu in dawo gida in taya ta wanke kwanoni.

A littafinmu na labarin ƙasa na fara ganin abin da ya jawo mini wannan duka. Hoton jirgin ƙasa ne a wata ƙasa mai nisa, yana ratsa fili mai ciyawa, ba dutse ba itace. Sama ta cinye fiye da rabin hoton, shi kuma jirgin siriri a can ƙasa kamar jerin tururuwa. Na yi ta kallonsa har gefen shafin ya yi baƙi da yatsuna. Abin da ya kama ni shi ne na san filin nan. Irinsa ne a hanyarmu, inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba. Jirgin kawai muka rasa. Na tambayi mushenmu, wato malaminmu, yaushe jirgi zai zo Konni, ya yi dariya ya ce duk faɗin Nijar babu dogo ko taƙi ɗaya, in ina son gani sai in haye Najeriya.

Kawuna ɗan kasuwa ne, yana shiga Najeriya sayo kaya, kuma ya sha ganin jirgi a Ƙaura Namoda. In yana cikin nishaɗi yakan dunƙule hannu a baki ya yi mini kukansa har matarsa ta ce zai tashi jariri. Shi ya kawo mini na'urar ɗaukar hoto, apare muke ce mata, tsohuwa, baƙa, da igiyar fata da ta fara tsagewa. A kayan gwanjo ya tsince ta. Ya ce in koyi hannu, in na ci jarrabawa zai kai ni Ƙaura in ɗauki jirgi da kaina.

To da me zan koyi hannu a garin da ba jirgi? Sai motocin siminti. Duk hutu ina bakin hanya da apare a wuya, ina jiran mota ta fito daga luzin ta shiga fili. In fim ya ƙare in ba kawuna ya kai Sakkwato a wanke. Hotunana na farko abin dariya ne. Rabin mota, bayan mota, ƙura ba mota, sau da yawa har da babban yatsana a gefe kamar wata ya fito da rana. Amma haka nake manna su a takarda in rubuta musu 'yan baitoci a ƙasa, ina jin kaina wata aba.

Mahaifiyata takan duba ta girgiza kai. "'Yan mata na ɗaukar hoton buki da na Salla, ke kau sai bayan mota. Wa za ya aure ki da hotunan taya?"

Direbobi da yawa ba sa so. Suna da camfinsu, wai mota in ta ɗauki kaya ta kama hanya ba a nuna ta da yatsa, ba a yaba ta, balle a sa mata ido ta cikin gilashi. In sun hango ni sai su miƙo hannu ta taga suna kore ni kamar kaza. Ni kuma da ɗan karatuna sai in yi murmushi in ce a raina jahilci ne.

Mutum ɗaya ne bai damu ba, wani direba mutumin Tajaye, ƙato mai wushirya, wanda ya isa ya haife ni. Kullum a rumfarmu yake ci, yana ce wa mahaifiyata Hajiyar tasha alhali ko Yamai ba ta taɓa zuwa ba. Ni kuma Madmazal yake kirana, wato budurwa da Faransanci, ina ce masa Baba direba. In zan faɗi gaskiya, shi ne abokina na farko a duniya da bai yi wa abin da nake so dariya ba, ko da yake ya yi mini dariya a kan komai.

Wata rana ya ce, "Madmazal, wai mi kika biɗa ga motocin ga haka? Ko Alhajinmu da yas saye su ba ya kallonsu awa ke."

Na ɗauko littafin na buɗe masa. Ya goge hannunsa a wando, duk da haka bai taɓa shafin ba, ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"Wanga shi na jirgin? Ai motoci na anka ƙulla ma juna, awa raƙuman Azbin."

Na ce ba haka ba ne, na fara yi masa bayanin dogo da taragu.

"Ke dai bari. Ni ka yi miki jirgi, ba sai kin tahi Ƙaura ba. Hajiyar tasha, ƙara man wake, ɗiyarki ta ba ni aiki."

Duk motocin da yake aiki da su na wani Alhaji ne ɗan Konni, kuma akwai ranar da za su yi lodi tare su nufi Tawa. Ya ce in hau tudun da ke bayan gari, wanda ke kallon hanya daga nesa. Shi zai shige gaba, sauran su bi shi hanci da wutsiya, a hankali, har su wuce ni. Sauran direbobin sun yi ta gunaguni, ya bi su da goro da ba'a, yana ce musu hoton nesa ba ya kama mutum, kuma ko ya kama, wa zai so fuskokinsu.

Wannan ita ce safiyar da na ce muku. Na hau tudun da raɓa a ƙafafuna. Gero ya yi kai, ya kwanta ya tashi har iyakar gani, sama wankakkiya, gajimare kaɗan a gabas kamar an baza auduga. Na ji su kafin in gan su. Sai ga su sun fito ɗaya bayan ɗaya, manne da juna, buhunan siminti a lulluɓe da tamfol iri ɗaya, kuma daga inda nake ba a ganin taya, gero ya ɓoye su. Wallahi jirgi ne. Da suka zo daidai ni ya danna oda, doguwa, irin kukan da kawuna ke yi mini, don na taɓa kwatanta masa. Ya fito da hannu ta taga yana kaɗawa. Na riƙe numfashina na danna, na juya fim na sake dannawa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma na tabbata a raina wannan karon babu yatsana a ciki.

Fim ɗin bai ƙare ba, da saura kaɗan, ni kuma ba na cire shi sai na cinye shi tas. Na bar shi a cikin apare na rataye a ɗaki, na koma wanke kwanoni ina waƙa.

Da la'asar labari ya iso tasha. A wani gangare a hanyar Tawa motarsa ta ƙwace, ta bar kwalta ta kife. Sauran sun tsira. Shi an ciro shi da rai, amma ya bugu a kai. Mahaifiyata ta ajiye ludayi ta yi salati, ni kuwa na shiga bayan rumfa na yi kuka. An kai shi gidan likita, da aka kwana biyu ba wani sauyi, danginsa suka ɗauke shi suka koma da shi Tajaye.

Ban san ranar da maganar ta fara ba. Abin da na fara gani shi ne tukunya. Da azahar takan kai ƙasa, sai ga shi har la'asar tana rabi. Washegari ko rabin ba a ci ba. Direbobin da suka shekara suna zama a bencinmu suka riƙa wucewa ta bayan rumfa su je wurin wata mai abinci da kullum suke zagin miyarta. Maƙwabciyarmu ta aiko a karɓo turminta da ya daɗe a gidanmu har mun manta nata ne. Na je ɗibar ruwa, wata mata ta janye ɗiyarta ta tura ta bayanta, ta tofa a gefe. A nan na fara jin kalmar, a hankali aka faɗe ta amma don in ji. Mayya.

Wanda bai tashi a wajenmu ba ba zai san nauyin wannan kalma ba. An ce maye yana kama kurwar mutum ya ɓoye, mutumin ya yi ta ciwo yana kiran sunansa. An kuma ce a nono ake shan maita. Ma'ana duk wanda ya nuna ni, mahaifiyata ya nuna, ita da ke ciyar da mutane da hannunta.

Kawuna ya ji ya taho daga Konni a fusace. Ya tsaya a tsakar gida yana faɗa, ya ce sai ya kai maganar gaban hukuma, wurin jandarma, a kama duk wanda ya fara.

Mahaifiyata tana tsintar shinkafar da ta san ba mai saye, ba ta ɗago ba ta ce, "Jandarma za su zo su ci shinkahwata?"

Ya nemi wuri ya zauna.

Ranar da suka zo, su biyu ne, yayan direban da Alhaji mai motocin. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida, aka kawo ruwa, yayan bai sha ba. Alhaji ne ya yi magana, da murya mai sanyi, tasbaha a hannu. Ya ce maras lafiya ba ya barci, yana ta sambatu, kuma yarinya mai hoto yake kira. Wai yana ganinta a kan tudu da baƙin abu a ido.

"Mu ba mu ce komi ba, Hajiya. Ɗiyarki ɗiyarmu ta. Amma rai na. In ta zo ta tsallake shi, hankalin kowa shi kwanta. Ga mota nan, ni ka kai ku in maido ku."

Al'adar ke nan. Wanda ake zargi ya tsallake maras lafiya, ya kuskure baki a ƙwarya a ba shi ya sha, wai ta haka kurwar ke komawa.

Da suka ja gefe kawuna ya ce a hankali, "Yaya, ki duba hwa. In ta tsallaka, ta amsa. In ta ƙi, sun ce ta riƙe shi. Ba inda za mu hita."

Mahaifiyata ta dube ni. Ni na ce zan je. Ina son in gan shi, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata wauta da nake dariyar kaina a kanta in raina bai ɓaci sosai ba. Na zaci zan yi musu bayani. A hanya, a bayan motar Alhaji tare da mahaifiyata da kawuna, apare a wuyana, ina ta shirya darasin da aka koya mana a lakwal, yadda haske ke shiga ta gilashi ya zauna a kan fim. Har na zaɓi misalin da zan ba su, da inuwar mutum a cikin randa. Ina ganin in na gama tsofaffi za su gyaɗa kai su ce yarinyar nan ta yi karatu.

Muka isa Tajaye rana tsaka. Gidan cike yake, har kan katanga da gefen rumbuna mutane ne. An fito da shi tsakar gida a kan tabarma. Ƙaton mutumin nan ya zube, kansa a naɗe da farin ƙyalle, idonsa a buɗe amma ba ya kallon kowa, leɓunansa suna motsi ba a jin abin da yake faɗi. Matarsa na zaune a wajen ƙafafunsa da goyo, kanta a sunkuye. Na ce, "Baba direba, ni ce Madmazal." Wata tsohuwa ta daka mini tsawa ta ce ba a kawo ni hira ba.

Ita ta nuna mini yadda zan yi. Na tattare zanena na tsallake shi sau uku, daga dama zuwa hagu, ina tsoron kada in taka shi. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kaji. Aka miƙo mini ƙwarya na kuskure baki na zuba. Na ga an ɗaga kansa an ɗura masa ruwan bakina, rabi yana zubowa ta gefen gemunsa. Mahaifiyata na tsaye a bakin zaure, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na zaci an gama. Sai yayansa ya nuna apare a wuyana ya ce, "Saura akwatin. Buɗe shi."

A nan darasina ya tashi. Na ce ba a buɗewa a rana, in haske ya taɓa fim komai zai goge. Na ce su bari a kai Sakkwato a wanke, za su gani da idonsu ba komai ciki sai motoci da gero, ga shi ma yana ɗaga mini hannu ta taga.

Yayan ya juya ga mutane. "Kun ji da bakinta. Shina ciki."

Gidan ya ɗauki salati. Kawuna ya matso zai yi magana, wasu samari suka sha gabansa. Na dubi Alhaji, shi da ya san hoto, wanda hotonsa na Makka ke rataye a shagonsa a Konni, ina jiran ya ce musu wani abu. Yana jan tasbaharsa yana kallon ƙasa.

Da hannuna na buɗe. Na jawo fim ɗin ya warware a rana, dogo, ruwan ƙasa, yana naɗewa a yatsuna. Tsohuwar ta karɓa ta ɗaga sama tana leƙawa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, wasu suka taru a bayanta. Ba su ga komai ba, don babu abin da za a gani.

"Ya hita," in ji ta. "Alhamdu lillahi, ya hita."

Apare kuma yayan ya jefa ta a turmi ya sa taɓarya. Ƙarar gilashin ba ta da yawa, kamar an taka ƙwai.

Alhaji ya maido mu har ƙofar gida kamar yadda ya yi alkawari. Da za mu sauka ya ce Allah ya ba da lada.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Bayan ɗan lokaci mutumin ya fara samun sauƙi. Ya karɓi kunu, ya gane matarsa, ya tashi zaune. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Amma a tasha wannan ne ya zama shaida. Da ya mutu, da sun ce na cinye shi. Da ya rayu, suka ce ai ga shi na sake shi. Waɗanda a da suke shakka ma suka daina. Har wani ya ce wa kawuna a gode Allah yarinyar mai tausayi ce, ba kowace mayya ke saki ba.

Rumfar ba ta tashi ba. Mahaifiyata ta yi ta dafawa tana rage mudu, har ta kai tana dafa abin da mu biyu za mu ci. Kafin kaka ta wuce ta sayar da bencinan da manyan tukwanen, muka koma Konni gidan kawuna, a wani ɗaki kusa da garken awaki. Matar da ta saba da hayaniyar tasha, tana zagin direbobi suna zaginta ana dariya, ta koma saƙa faifai a ɗaki. Ba ta taɓa ce mini ke kika jawo ba, ko sau ɗaya. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Rana ɗaya kawai, ina ba ta haƙuri ina kuka, ta ce, "Share hawayenki. Nonona sunka zaga, ba ke ba."

Na ci jarrabawa. Kawuna, Allah ya saka masa, ya tuna da alkawarinsa, ya ce in shirya mu je Ƙaura, zai aro mini wata apare. Na ce masa na gode, ba na so.

Sau ɗaya na ƙara ganin Baba direba, a kasuwar Konni, da sanda, matarsa na riƙe da gefen rigarsa. Bai sake tuƙi ba, maganarsa ma ta yi nauyi. Ya tsaya ya dube ni, wushiryar nan ta bayyana kamar zai ce Madmazal. Matar ta ja shi suka shige cikin mutane.

Mutane na son in an ba da irin wannan labari a ce daga baya ya zama alheri. Ni ban ga alherinsa ba. Na zama malamar lakwal, ina koya wa yara labarin ƙasa, kuma ina son aikina, amma ko ba a yi mini haka ba da zan zama. Abin da na koya kaɗan ne kuma ba daɗi. Na koyi cewa gaskiyarka ba ta da amfani a tsakar gidan da aka riga aka yanke hukunci, sai dai ta ƙara musu hujja. Na koyi cewa abin da kake so don kawai yana da kyau, wanda ba ya kawo ko dala, shi ne mutane suka fi kasa yarda da shi, sai sun nemo masa wani dalili. Kuma na daina yi wa camfin mutane murmushin raini, ba don na yarda da shi ba, sai don na ga abin da yake iya yi wa tukunyar mace.

Na ga jirgin ƙasa daga baya, da muka je wani biki a Najeriya. A tsaye yake a tasha, awaki na kwance a inuwarsa. Na dube shi na ce ashe wannan ne. Bai kai nawa kyau ba. Tun ranar Tajaye ban sake riƙe apare ba. Sai dai har yanzu in ina cikin mota muka fito fili, sama ta buɗe, nakan tsinci kaina na rufe ido ɗaya ina gyara inda abu zai zauna.

Mahaifiyata ta rasu a ɗakin nan na kusa da garke. A wajen zaman makoki na ji wasu mata biyu daga Malbaza suna raɗa, ɗaya na tambayar ɗaya ko ita ce uwar yarinyar nan.

Bayan rasuwarta da shekaru aka tura ni aiki wani ƙauye a yankin Illela, ba nisa da Tajaye. Wata ranar kasuwa wata mata ta tsaya a kaina ina sayen kuka, ta kira ni da Madmazal. Matar Baba direba ce, ta tsufa fiye da shekarunta. Ta ce ya rasu bara. Na yi mata gaisuwa, zan wuce ta riƙe hannuna ta ja ni bayan wata rumfa, ta ce akwai abin da ke cinta.

Ta ce tun kafin tafiyar nan yana ta kuka da birkin motar. Ya faɗa wa Alhaji ya sake faɗa, Alhaji yana cewa a yi wannan lodin tukuna a gyara. Ta ce duk kwanakin da ya yi yana sambatu ita ke zaune a kansa, ba ta taɓa matsawa ba. Abu biyu kawai yake faɗi, yana kiran innarsa, yana kuma cewa birki, birki. Ranar da Alhaji ya zo dubiya ya zauna ya saurara da kunnensa, ya daɗe, sannan ya fita zaure wurin maza ya ce yarinya mai hoto yake kira.

Na ce, "Ke kuma kina nan zaune ina tsallake shi."

Ta ce, "Ina da goyo, Alhaji ka kawo muna hatsi. Kuma na ce ko ƙarya ta, bari a gwada, wataƙila shi tashi." Ta goge ido da bakin zane. "Amma wallahi bai taɓa kiranki ba. Ko sau guda."